Ƙafar Kawu Mande

Mun sauka Landan wata ranar Talata a ƙarshen shekarar 1978, ni da Kawu Mande, ana wani yayyafi mai sanyi da ke ratsa riga har ƙashi. Shi yana kan keken marasa lafiya da ma'aikatan jirgi suka ara mana, ƙafarsa ta hagu a naɗe da bandeji har gwiwa. Ni ina tura shi da hannu ɗaya, ɗayan kuma na rungume jakar takardun asibiti. Shekaruna ashirin da tara a lokacin, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gusau. Turancin nan ne ya sa dangi suka zaɓe ni na raka shi, ba don na fi kowa hankali ba.

Kawu Mande yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni boko da hannunsa. Manomi ne a Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, yana kuma sayen auduga da gyaɗa ya kai Gusau. Gyambon da ke ƙwaurinsa ya girme ni. Kututture ne ya soke shi a gona tun yana saurayi, ya riƙa warkewa yana dawowa. A daminar wannan shekarar sai ya sake kama: bakinsa ya yi kauri, nama ya tsiro a tsakiya kamar zankon zakara, ga wari. Daga asibitin Gusau aka tura mu Zariya, can suka ce sankara ce, sai an yanke ƙafar. Kawu ya ce, “Da ƙafa biyu Allah Ya kawo ni, da biyu za ni koma mishi.” Ya sayar da shanunsa, ya ce a kai shi inda likitocin Zariya suka yi karatu.

Ba mu fita daga filin jirgi ba sai ga wani mutum cikin kwat mai tsada ya rusuna gaban keken. “Sannunku da zuwa, Alhaji. Mutanen Sakkwato ne ko?” Wanda bai taɓa zuwa inda ba a jin harshensa ba, ba zai gane abin da gaisuwar nan ta yi mana ba. Ya ce sunansa Tanko, aikinsa haɗa 'yan gida da manyan likitoci. Ya kai mu masauki, ya kawo mana shinkafa da miya, ya nuna mana alƙibla. A rana ta uku ya ce in ba shi takardun Zariya da hotunan ƙashi da abin kafin alƙalami, zai samo mana ganin wani babban likita da safe. Na ba shi jakar gaba ɗaya.

Kwana huɗu ina tsaye bakin taga ina duban titi, Tanko bai dawo ba. Matar da ke da gidan ta ce ita ba ta san shi ba, ta ɗauka ɗan'uwanmu ne. Da na gaya wa Kawu, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ba shi ya cuce mu ba, Bawa. Kunnenmu ne, da ya ji Hausa ya kwanta.”

Abin da ya tafi da shi bai dame ni kamar lokacin da ya ci mana ba. Mako biyar muka yi ana sake gwaje-gwajen da aka riga aka yi a Zariya, ana sake yankar nama ana kai wa ɗakin bincike. Kullum in na kwance bandeji sai in ga abin ya ƙara faɗi.

Likitan da ya gan mu a ƙarshe dattijo ne mai sanyin magana. Ya lalube matsematsin Kawu, ya daɗe yana dannawa, sannan ya dube ni. Ya ce har yanzu bai ji kaluluwa ba, wannan sa'a ce. A yanke ƙafar sama da gwiwa cikin wannan watan, yana sa ran mutumin zai rayu shekaru. In aka wuce haka, ciwon zai bi jiki, kuma babu mai iya kamo shi. Na ce babu wata hanya? Ya ce babu. Na nace. Sai ya ce, kamar wanda ba ya so, akwai wasu a Amurka da ke gwada wani magani da haske ke tayarwa, amma gwaji ne, shi ba zai tura mahaifinsa can ba.

Kawu yana kallon bakinmu. “Mi yac ce?”

Na dubi fuskarsa. Mutumin da ke tafiya daga Kekun Waje zuwa kasuwar Bunguɗu ya dawo bai zauna ba. Na ce, “Ya ce yankewa ta fi sauri, Kawu. Amma akwai wani sabon magani a Amurka, da haske ake yi, ba a yanka.”

Maganar wata ɗaya ban faɗe ta ba. Na sha tambayar kaina dalili. Tausayi ne, amma ba shi kaɗai ba. Ni ɗan boko ne na lokacin, na yarda duk abin da aka ce sabo ne ya fi tsoho.

Muka isa Amurka cikin Janairu, wani gari a can arewa, bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa. Ƙanƙara ta rufe motoci har rufinsu. Muka kama ɗaki ɗaya kusa da asibitin, hawa na biyu, in za mu fita sai na goya Kawu a matakala. Abinci ya zama mana wahala. Tsoron naman alade ya sa muka tsaya kan burodi da shayi da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani. Kawu ya rame har hularsa tana faɗo masa a goshi.

Likitan can bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, mai gaggawa, aljihunsa cike da alƙaluma. Kawu ya laƙaba masa Mai Fitila. Ya zaunar da mu, da wata nas baƙar fata tsaye tana shirya kayan wanke ciwo, ya yi bayani dalla-dalla. Za a yi wa Kawu allurar wani ruwa a jijiya. Ruwan zai zaga jiki duka, amma ya fi daɗewa a cikin naman sankara. Bayan kwana uku sai a haska wurin da jan haske, hasken ya tayar da maganin, maganin ya kashe naman da yake ciki. Shi kaɗai ba ya komai, hasken ma shi kaɗai ba ya komai, sai sun haɗu.

Kawu ya ce a tambaye shi da me aka yi ruwan. Ya ce daga jinin shanu ake tace shi. Kawu ya yi dariyar da rabona da ji tun gida. “Na sai da shanuna na biyo jininsu har nan!”

Sannan Mai Fitila ya sassauta murya. Ya ce hasken ba ya shiga jiki fiye da gaɓar yatsa. Abin da ke ƙasa da haka, ko wanda ya riga ya tafi wani wuri, ba zai taɓa shi ba. Ya ce ya yi wa ɓeraye da yawa sun warke, mutane kuwa kaɗan ya gwada, kuma bai yi alkawarin komai ba. Ya ce da shi ne, da ya sake tunanin yankewa.

Na ce wa Kawu, “Ya ce a hankali maganin ke shiga, sai an yi haƙuri.”

Da muka fito na bar Kawu a baranda na koma karɓo takarda. Nas ɗin nan ta tare ni a ƙofa. Da Hausa ta yi magana, Hausar gidanmu, ba ko gargada.

“Malam, ba haka likita yac ce ba.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Sunanta Agnes, amma ta ce a Sabon Garin Gusau inda aka haife ta Ladi ake kiranta. Mahaifinta yana da shagon kwanon rufi da ƙusoshi kusa da tashar jirgin ƙasa. Tana da shekara goma sha bakwai suka bar garin, a shekarar da aka yi tashin hankali aka far wa 'yan kudu, da kayan jikinsu kawai. Ta ce, “Ƙafarshi ce, ranshi ne. Ka gaya mishi.” Na ce zan gaya masa. Na ce bari dai a fara.

Aka yi allurar. Ruwan ja ne mai duhu kamar zoɓo. Daga ranar aka kafa mana doka: tunda maganin yana cikin fatarsa duka, rana ba za ta taɓa shi ba har kwana talatin ko fiye, ko ta taga, ko wadda ƙanƙara ke maidowa. Na rufe tagogin ɗakinmu da barguna. Muka koma rayuwa da ƙwan lantarki ɗaya da na lulluɓe da tawul.

Ranar haskawa suka rufe ƙafar da baƙin ƙyalle, suka bar ciwon kawai a buɗe. Fitilar kamar injin majigi take, tana huci, tana fitar da haske ja wur. Minti biyar na farko Kawu yana ta kallo. Daga nan ya damƙe hannuna. “Bawa, wuta ce.” Na ce a tsaya? Ya girgiza kai, ya kama salati, gumi yana bin gemunsa. Da aka gama, shatin farcensa ya kwana biyu a hannuna.

Washegari ƙafar ta kumbura, ciwon ya yi shuɗi, ya koma baƙi. Cikin kwana goma naman nan mai wari ya bushe kamar ƙirgi, ya fara ɓamɓarowa. Jinin da kullum ke jiƙa bandeji ya tsaya cak. Mai Fitila ya kira abokan aikinsa suna ta ɗaukar hoto. Ya ce yana zaton ba naman kawai maganin ke kashewa ba, har 'yan ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi yake toshewa, amma bai tabbatar ba tukuna. Wannan na fassara shi duka, da murna. Kawu ya ce, “Ashe datse mata ruwa sunka yi, kamar a lambu.” A ranar na ce a raina Allah Ya rufa mini asiri, ƙaryata ta zama gaskiya.

Zaman duhun ne ya fi ciwon cin ransa. Mutumin da tun yana yaro da rana yake sanin lokacin salla, yanzu sai ya tambaye ni ƙarfe nawa. Yakan zauna yana fuskantar bargon taga, yana lissafa abin da ake yi a gida: yanzu an gama ɗibar auduga, yanzu ana kai taki. Wata rana da hantsi na sauka sayen burodi. Da na dawo na same shi ya ɗage gefen bargon, ya miƙa hannunsa na dama cikin hasken, idonsa a rufe.

“Kawu!”

“Gaisawa kawai munka yi,” in ji shi.

Kafin la'asar hannun ya kumbura kamar an hura, bayansa duk ƙuraje masu ruwa. Sista Agnes ce ta zo har ɗakin ta wanke ta ɗaure, ba ta yi masa faɗa ba. Ranar Lahadi ta dawo da kwano a naɗe cikin tawul. Tuwo ne ta tuƙa da wani garin alkama nasu, da miyar kuɓewa, har da daddawa da ban san inda ta samo ba. Kawu ya ci loma uku, ya ajiye hannu, ya juya fuska bango. Muka yi kamar ba mu gani ba.

Daga nan kowace Lahadi sai ta zo. Yana ce mata ɗiyata, tana ce masa Baba. Ya tuna shagon mahaifinta, ya ce a can ya sayi kwanon da ya rufe zaurensa. Ta tambaya wa ke gidan yanzu. Ya ce wani mai sayar da fata ne, ya rushe shagon ya yi ɗakuna. Ta ce to, ba ta sake tambaya ba.

Gefen ciwon bai mutu duka ba, don haka a watan Maris aka sake allura, aka sake haskawa, aka sake ƙirga kwanakin duhu daga farko. Mako ɗaya bayan haka, ina taya shi wanka, hannuna ya taɓa wani ƙullutu a matsematsinsa, tauri kamar goriba. Ga kuma wani busasshen tari da na riƙa cewa sanyi ne.

Mai Fitila ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin gilashi mai haske, ya nuna mini fararen ɗigo-ɗigo. Bai yi gaggawa ba ranar. Ya ce ƙafar ta yi kyau fiye da yadda ya zata, amma ciwon ya riga ya wuce inda fitilarsa ke kaiwa, yana cikin huhu. Yanzu ko an yanke ba amfani. Ya ce in mutumin yana da inda yake so ya kasance, a kai shi da wuri.

“Mi yac ce?” in ji Kawu.

Sista Agnes tana tsaye bayan kekensa. Ta dube ni. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, kalma bayan kalma. Da na gama na ce akwai saura. Na gaya masa abin da dattijon Landan ya ce, da maganar wata ɗaya, da abin da Mai Fitila ya ce ranar farko, da yadda na juya su.

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, “Da ka gaya mini, ƙila da ban yarda an yanke ba. Ƙila kuma da na yarda. Ni kaina ban sani ba, kuma yanzu ba mai sani.” Ya yi tari. “Na yafe maka, Bawa, don na san ba ƙiyayya ba ce. Amma kada ka ƙara zaɓar ma mutum abin da kunnenshi za ya ji. Tashi ka nemo muna jirgi.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar tafiya Sista Agnes ta kawo safar hannu da baƙin tabarau da wani dogon mayafi, ta naɗe shi da kanta, ba ta bar ko tsinin hanci ba. Ta ce saura kwana goma sha biyar kafin ya shiga rana, kuma ranar gida ba irin ta nan ba ce, in ƙara mako ɗaya a kai. Kawu ya kamo hannunta.

“Ɗiyata, ki yafe muna.”

“Baba, kai mi ka yi mini?”

“Ban yi ba. Amma ina cikin Gusau ran nan, ban kuwa hana ba.”

Ta gyara masa mayafin, ta ce, “Allah Ya kai ku lafiya, Baba.” Ba ta raka mu ƙasa ba.

Muka sauka Kano tsakiyar bazara, rana kamar ta narka kwalta. Na ɗauki shatar mota, muka toshe gilasan baya da zannuwa. Zafi a ciki kamar tanda, Kawu yana numfashi da ƙyar cikin mayafi. A Tsafe muka tsaya shan mai, mutane suka kewaye motar suna leƙe, wani ya tambayi direba ko gawa muka ɗauko. Da muka wuce, Kawu ya ce, “Mun kawo dutsen Kwatarkwashi?” Na ce ga shi nan muna wucewa. Ya ce, “Shina nan yadda shike?” Na ce yana nan. Ya ce, “To.”

A Kekun Waje na sa aka toshe tagar ɗakinsa da tabarmi, aka rataya bargo biyu a ƙofa. Matarsa, Inna Hajo, ta ga ƙafar ta ce ai ya warke, ta yi guɗa, sai da ya yi tari ta ga jini a ƙyalle. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Turawa sun sa masa abin da ke tsoron rana, wasu suka ce asiri ne aka yi masa tun a kasuwar auduga. Masu dubiya suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna lalube cikin duhu har su sami hannunsa. Da murya yake gane su. Ya raba gonaki, ya faɗi inda za a shuka gero da inda za a bari ya huta. Ni kuwa na zama mai gadin ƙofa, ina daka wa tsofaffin da suka haife ni tsawa in sun ɗaga bargo da yawa.

Kullum da safe sai ya ce, “Saura nawa?” In faɗa masa. Ya ce ranar da suka cika, a fitar da shi gindin ƙiryar da ke bakin gonarsa, ya wuni a can, ko da wuninsa na ƙarshe ne. Na ce in sha Allahu. Sau biyu ya roƙe ni in rage masa kwanakin. Na ƙi, ina tuna hannunsa.

Saura kwana shida ya cika, bayan sallar asuba, kansa a cinyar Inna Hajo.

Aka yi masa wanka a ɗakin, aka sa shi a likkafani. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da aka ɗauko makarar. Ina gaba, na kama ƙafarta ɗaya. Muna fitowa daga zaure rana ta sauka a kan farin ƙyallen gaba ɗaya. Ban san lokacin da na saki makarar ba, na tuɓe babbar rigata, na shimfiɗa ta a sama da hannu biyu ina tare masa, ina cewa, “Ku koma da shi ciki! Ku koma, kwanakin ba su cika ba!”

Mutane suka tsaya cirko-cirko. Liman, tsoho ne abokin Kawu tun suna yara, ya matso ya riƙe mini hannu, ya sauke shi a hankali.

“Malam Bawa,” in ji shi, “bar shi ya sha ranarshi.”

Na naɗe rigar na rataya a kafaɗa, na koma na kama makarar. Muka bi ta hanyar gona da shi, ba mu yi sauri ba.